Kaset ɗin da ya maƙale a motar Baba

Ni ba mutumin kiɗa ba ne. Ko a gida in ana biki, da na ci shinkafa nake zamewa kafin makaɗa su gyara zama. Amma yau ko daga barci ka tashe ni ka tambaye ni tarihin wasu Turawan Ingila huɗu masu kiɗan rok, zan ba ka shi tun daga faifansu na farko, in gaya maka wanda ya yi kasuwa da wanda ya kwanta. A Riyad na koye shi, a bayan sitiyari, gabana na faɗuwa.

Direban gida ne ni a unguwar Malaz, wajen wani dattijo da kowa a gidan ke ce wa Baba, ni ma haka nake kiransa. Shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini iƙama, takardar zaman ƙasar. Duk wanda ya yi aiki a can ya san zamanka a hannun kafili yake: ya sa hannu ka zauna, ya sa hannu a sa ka a jirgi. To, tun da ciwon ƙoda ya kama Baba, babban ɗansa ne ke sa hannu a madadinsa.

Ɗan nan dogo ne, mai gemu, rigarsa ba ta kai idon sawu ba. Ba ya ɗaga murya, amma ban taɓa jin tsoron ɗan Adam kamar yadda na ji tsoronsa ba. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Safe da yamma sai ya sumbaci goshin ubansa, ya durƙusa ya sa masa takalmi da hannunsa. Sai dai direban da na gada, kiɗan Indiya kawai aka ji a wayarsa, kafin ka ce me yana ƙasarsu. Mai gadin maƙwabta ne ya ba ni labarin ranar da na zo, yana ta dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Ga shi kuma a shekarar ina da dalilin riƙe aikina da hannu biyu. Mahaifiyata ta samu kujerar Hajji. Gwiwoyinta sun gama aiki, daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai da sanda, na kuma yi mata alkawari ni zan tarye ta a Makka in tura ta a keke wajen ɗawafi. Ɗan Baba ya ce in lokaci ya yi zai ba ni hutu ya nema mini izini. Duk sanda muka yi waya sai ta ce, "To, ka dai yi a hankali, kar ka yi abin da za a koro ka kafin in zo." Da wasa take faɗa, tana dariya.

Aikina mai sauƙi ne. In kai Baba asibiti a Shumaisi a yi masa wankin ƙoda, in jira, in dawo da shi. Motarsa tsohuwa ce, doguwa, ƙirar Amurka, ya ƙi a sayar, ya ƙi a sake masa wata. A gaba yake zama, kusa da ni.

Wata safiya mun fita daga layinmu ke nan, sai ya zura hannu a aljihu ya ciro kaset ya miƙo mini. Na ɗauka karatu ne. Na tura shi, na gyara zama, har da cewa bismillah. Innalillahi! Wata irin ƙara ta cika motar kamar ana yanka kwano da zarto, ganguna suka biyo baya, sannan wani ƙato ya ɓarke da ihu da Turanci. Saura ƙiris in hau gefen titi.

"Baba, an yi kuskure," na ce, hannuna na laluben maɓallin kashewa.

Ya buge mini hannu. Yana dariya har da tari.

"Ba kuskure, ya waladi. Ɗaga gilashi."

Haka yake kirana, ya waladi, wato ɗana. A ranar ya ba ni labari, rabi da Larabci rabi da Turanci, don ya ga na yi sakandare ina ɗan tsinta. Ashe yana saurayi an tura shi Ingila karatun injiniya. Wani abokinsa ya ja shi wani ɗaki mai hayaƙi inda wasu samari huɗu ke kaɗa jita, lokacin ba wanda ya san su. Tun daga nan bai sake barin faifansu ko ɗaya ya wuce shi ba. Da ɗansa ya girma ya kama addini da ƙarfi, ya share gidan daga duk wani abin kiɗa, Baba bai ce masa uffan ba. Sai dai kafin a kwashe faifan ya riga ya juye su a kaset, ya cika kwali ya ɓoye.

Washegari kwalin ya iso ɗakina na bakin ƙofa.

"Baba, in ɗanka ya gani fa?"

"Ba ya shiga ɗakin direba."

"In ya shiga fa?"

"Sai ka ce nawa ne. Ka ce Baba ne ya ba ka ajiya."

Na tura kwalin ƙarƙashin gado na rufa masa tsohon bargo. Daga ranar, ko ƙofar gida aka buɗe da ƙarfi sai in leƙa ƙarƙashin gadon.

Baba yana da tsarinsa, kuma ba ya saɓa shi. Bi da bi za a ji su, daga na farko, ba tsallake. Kafin a sa kowanne sai ya yi mini bayanin inda aka ɗauke shi da halin da ake ciki. Ya ce a can ƙasar kowane mako ana jera faifai bisa yawan ciniki, kamar yadda ake jera ɗalibai bayan jarrabawa, kuma burin kowane makaɗi ya ga sunansa a na ɗaya. Amma ba zai gaya mini inda faifai ya tsaya a jerin ba sai mun ji gefe biyun duka. Sannan ya ce, "To, canka." In na canka daidai ya tafa, in na kuskure ya ce kunnena na katako ne.

Na farko a ƙarƙashin wani kanti suka ɗauke shi, mawaƙin yana fama da mura, ana ma jin hancinsa a toshe. Ko jerin bai shiga ba. Baba ya ce iyayensu mata ne kaɗai suka saya, sai shi. Na biyu ya leƙa ta can wutsiya ya fita. Na uku kuwa, sai suka loda na'urorinsu a babbar mota suka tafi wani gidan gona, suka kulle kansu har suka gama. Shi ne ya hau na ɗaya a Ingila, ya tsallaka Amurka ya yi abin da ya yi. Ranar da muka gama jin sa Baba ya daki gaban motar da tafin hannu ya ce, "Na ɗaya!" sai ka ce ɗansa ne ya ci jarrabawa.

Daga nan girman kai ya shigo. Mai jita da mawaƙin suka daina magana da juna. Wannan ya zo da safe ya ɗauki nasa ya tafi, wancan ya zo da yamma ya ɗora a kai, amma faifan ya fito ya sake yin kasuwa. Sai mai ganga ya rasu. Ranar da muka zo kan faifan ƙarshe da ya buga, Baba da kansa ya kashe rediyon, ya juya fuska wajen taga har gida. Bayan nan aka samo sabon mai ganga, samarin zamani suka koma wani kiɗan, su kuma suka shiga bin yayi suna ta zamewa ƙasa a jerin. Akwai wanda Baba ya ce abin kunya ne, amma sai da ya sa muka ji shi har ƙarshe. Na ce, "Baba, tunda ba daɗi mu wuce mana." Ya ce, "Ai ba a gudun mutum ranar da ya faɗi."

Duk wannan karatu da ake ba ni, ni rabin hankalina na kan madubi. Kowace danja muka tsaya sai in rage murya, shi kuma ya ƙara. In motar gefe ta matso sai in ji kamar direbanta na jin komai. Ga tsoron Allah a gefe guda, don malamanmu ma ba su bar kiɗa da sauƙi ba. In na ajiye shi a asibiti sai in zauna a mota ina istigfari, ina kuma jin gangar tana yawo a kaina.

A lokacin muɗawwai na da ƙarfi, masu yawo a mota da lasifika suna kora mutane salla. Wata rana muna dawowa daf da azahar, kiɗa na tashi, sai ga motarsu ta tsaya a gefenmu. Ɗaya ya sauko ya ƙwanƙwasa gilashina. Wallahi ban san sanda na kashe rediyon ba, ina jin da gwiwa na buge shi. Na sauke gilashi, na kasa ko amsa sallama. Baba kuwa ya ciro carbi, ya ɗaga hannunsa mai filasta ya nuna masa. Mutumin ya yi masa sannu cikin girmamawa, ya ce mu tsaya masallaci na gaba, ya tafi.

"Mayar mana," in ji Baba. "Ka katse a wurin da ya fi daɗi."

Nan raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana.

"Haba Baba! Kai in an kama ka, cewa za a yi dattijo ne, a ba ka haƙuri a raka ka gida. Ni fa? Ni jirgi za a sa ni! Uwata na can tana ƙirga watanni!"

Can ya ce, "Gaskiyarka, ya waladi." Bai sake tambayar kaset ba.

Da ma a ce haka aka ƙare. Amma duk wanda ya taɓa ɗauko mutum daga wankin ƙoda ya san yadda yake fitowa, jiki ya saki, fuska ta yi fari, ko kai ba ya iya riƙewa. Da can, da kiɗan ya tashi sai ka ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwa, kafin mu kai Malaz yana yi mini gardama. Yanzu sai nishi kawai har gida. Na daure na wasu kwanaki, na kasa. Ni da kaina na ɗauko na gaba a kwalin na sa a aljihu. Ba wanda ya tilasta ni, wannan kam.

A tsakanin nan ne ɗan ya tare ni ina wanke mota.

"Me Baba yake saurare a hanya?"

Tiyo na hannuna, ruwa na zuba a ƙafata ban sani ba.

"Yakan yi shiru, ya shaikh. Wani lokaci ya ba ni labarin da."

"Ka riƙa sa masa tashar karatu. Likita ya ce jikin ya yi nisa. Ni ba abin da nake roƙa masa irin cikawa da kyau."

Idonsa ya kawo ruwa da ya faɗi haka. Na ce to. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Bayan ƙaramar salla muka iso kan na ƙarshe. Zafi ake yi irin na Riyad, wanda in ka taɓa ƙarfen bel sai ka yi ihu. Wannan faifan sabo ne, bai daɗe da fitowa ba. Mutanen sun tsufa, sun yi furfura, sun shirya da juna, suka koma suka ɗauka a ɗaki ɗaya kamar farko. Wani abokin Baba ne ya sa aka juye masa shi a kaset. Muka ji gefen farko a hanyar zuwa. Muryar mawaƙin ta dishe, ba ihu, kuma a karon farko na ji abin ya shige ni.

"Baba, wannan ya kai na ɗaya?"

"Kai dai ka cika gaggawa. Juya. Sai mun gama."

Na juya shi. Waƙar farko ba ta ƙare ba muka iso asibiti, na kashe. Na riƙe Baba har ciki. Ranar bai fito ba. Jininsa ya sauka ana cikin wankin, aka ba shi gado.

Na dawo mota in cire kaset ɗin in ɓoye. Na danna, shiru. Na sake dannawa, na sa mukulli na ɗan taɓa, na buga da tafin hannu. Ko gezau. Zafi ya sa ya maƙale a ciki. Kuma rediyon motar nan, muddin akwai kaset a cikinsa, ba ya kama tasha. Da ka kunna, kiɗan ne zai tashi daga inda ya tsaya.

Na garzaya unguwar Jaradiya wajen wani abokina ɗan Maraɗi, mai gyaran wutar mota. Ya kunna ya ji, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Kai, malam! Ashe kai ma ɗan rawa ne ba mu sani ba?"

"Don Allah bar wasan nan, cire mini shi."

Ya gwada da ɗan ƙarfe, ya gwada da waya, ya girgiza kai. Na ce to ya cire fis ɗin rediyon, a ce ya mutu. Ya cire, sai na'urar sanyi ta mutu tare da shi. Wani gwanin banza da ya taɓa gyara motar ya haɗa su a waya ɗaya. A zafin nan, wa zai shiga mota ba sanyi? Ya mayar. Ya ce sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, in bar masa ita wuni guda.

Ina na ga wuni guda? Tunda aka kwantar da Baba ban huta ba, in kai mata asibiti, in dawo da wasu, in kai abinci, in ɗauko baƙi. Na samu kwalin tishu na jingina a gaban rediyon. Kullum ina tuƙi ina kallon kwalin nan ta gefen ido, ina addu'a kar wani ya ce a sa karatu. In an yi tsalle a kan hanya sai in kai hannu in gyara shi. Na rame a 'yan kwanakin nan, har mai gadin maƙwabta ya ce ashe haka nake son Baba.

Wata rana da hantsi aka ce Baba ya cika. Na zauna a bakin gadona na yi kuka, kuka na gaske, don mutumin nan bai taɓa ce mini kai bawa ba ko da ido. Aka yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi. Ni ma na zuba ƙasa da hannuna.

Muna fitowa daga maƙabarta sai na ga ɗan ya nufo ni, tare da limamin masallacin unguwarmu, wani tsoho mai kaifin ido da kaifin baki. Ɗan ya ba wani mukullin motarsa, ya ce shi a motar babansa zai koma. Liman ya shiga baya. Shi ya buɗe gaba ya zauna a kujerar Baba, ya shafa inda Baba ke ɗora hannu.

Na tayar da mota.

Mun ɗan yi nisa sai ya ce, "Sa mana karatu."

"Rediyon ya samu matsala, ya shaikh."

Ya kai hannu ya ɗauke kwalin tishun, ya danna da kansa.

Jita ta tashi a hankali, daga daidai inda muka tsaya da Baba. Tsohon mawaƙin ya ci gaba da waƙarsa. Ɗan bai kashe nan take ba, hannunsa na nan a sama, ya sandare. Liman ne ya yi magana daga baya.

"A'uzu billahi! A motar marigayi? Kashe! Kashe!"

Ya kashe.

"Motar nan," in ji liman, "ba mai shigarta kullum sai marigayi da direba. Na waye wannan?"

Ɗan ya juyo ya dube ni. Na sha ganin idon nan ina jin tsoro, amma ranar ba fushi na gani a ciki ba. Tsoro na gani, irin nawa. Gobe liman zai zauna a gidan ta'aziyya, jibi duk masallaci sun ji cewa dattijon da ke sahun gaba da kiɗan Turawa ya yi bankwana da duniya.

Ina da izini. Baba da bakinsa ya ce mini in ce nasa ne. Na tuna da mahaifiyata da gwiwoyinta. Wallahi na tuna da ita, kar wani ya ce ban tuna ba. Sai na dubi hannuna a kan sitiyari, ƙasar kabarinsa na nan a farcena.

"Nawa ne," na ce.

Liman ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Naka? Takari da kiɗan Turawan Ingila? Kai me ka sani a ciki? Faɗi gaskiya, yaro."

Takari, haka suke ce mana. Na gane bai yarda ba, kuma na gane inda ya dosa. In na yi shiru, shirun nan ya isa shaida. Sai na buɗe baki da gurguwar Larabcina na fara. Na ce su huɗu ne. Na ce na farko a ƙarƙashin kanti aka ɗauka, mawaƙin na mura, bai shiga jeri ba. Na biyu ya leƙa ya fita. Na uku a gidan gona, shi ya hau na ɗaya ya tsallaka Amurka. Na faɗi rigimar mai jita da mawaƙi, da rasuwar mai ganga, da shekarun da suka yi suna zamewa, har da faifan abin kunya ban bari ba. Ban tsallake ko ɗaya ba, bi da bi kamar yadda aka koya mini. Ina faɗa ina jin kowace kalma tana matsar da ni kusa da jirgi.

"Wannan da ke ciki shi ne na ƙarshe," na ce. "Shi ban san inda ya tsaya ba."



"Subhanallah," in ji liman. "Da Alƙur'ani ka haddace haka. Kuma mara lafiya kake sa wa wannan?"

"A'a. In ina jiransa nake ji."

Ɗan ya mayar da fuskarsa kan hanya. Muryarsa can ƙasa ya ce, "In an gama kwanakin ta'aziyya ka haɗa kayanka."

Na raba gahawa da dabino a kwanakin nan kamar kowa, ina jin ana nuna ni da baki. Abokina ɗan Maraɗi ya zo ya ja ni gefe ya zage ni tas. Ya ce, "Kai wawa ne? Mamaci me zai rasa? Je ka gaya wa ɗan gaskiya!" Na je ɗin, amma ba gaskiya na kai ba, roƙo na kai. Na ce ya shaikh, ka bar ni zuwa bayan Hajji kawai, ka san maganar mahaifiyata. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Na riga na faɗa a gaban mutum." Aka buga mini fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

Shi da kansa ya kai ni filin jirgi, a motarsa. Kwalin kaset na cikin jakata, na naɗe shi da bargo. Da ya tsaya na sauke kayana, sai ya fito ya zagayo, ya ciro wani abu a aljihu ya miƙo mini. Kaset ɗin ne. Ya sa an kwance motar an ciro shi.

"Akwai amana a wuyana," ya ce. "Kafin ya rasu ya farka, ya riƙe hannuna, ya ce in gaya wa direba: ya kai na ɗaya."

Na tsaya ina kallonsa. Sai da na ɗan jima kafin maganar ta sauka.

"Kafin ya rasu?"

"E."

"Ashe ranar a mota ka san nasa ne?"

Ya miƙo hannu mu yi musabaha.

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na so in zage shi, in zagi liman, in zagi Turawan nan huɗu da jitarsu da jerinsu. Kuma a cikin fushin, Allah ya gani, wani wawan sashe na zuciyata murna yake yi wai sun kai na ɗaya. Ban ba shi hannu ba. Na karɓi kaset ɗin na sa a aljihu, na ja jakata na shige. Sai da na zauna a jirgi hawayen suka zo.

Na iso gida ana ta shirin tafiyar alhazai. Mahaifiyata na zaune a tabarma, jakarta a gefe, 'yan'uwa na ta shigowa sallama. Na jira aka watse, na zauna kusa da ita na ba ta labarin duka, tun daga kwalin har filin jirgi, ban rage komai ba. Ina tsammanin za ta ce Allah ya yi maka albarka.

Ta daɗe tana murza gwiwarta.

"Shi ya tafi, ka rufa masa asiri," ta ce. "Ni da nake raye, wa zai tura ni?"

Ranar tafiya na ɗauki jakarta na kai mota, na dawo na riƙe ta har ta shiga.